Gwajin GBS ga masu juna biyu: abin da yake kamawa da abin da ke kuɓuce masa

Idan aka ƙirga matan da ke jere a benci ranar awo, kusan ɗaya cikin kowace biyar ko shida tana ɗauke da wata ƙwayar bakteriya da likitoci ke kira GBS, wato Streptococcus na rukunin B. Ba ta san tana da ita ba, kuma babu abin da zai sa ta sani: ba ƙaiƙayi, ba fitar ruwa, ba zazzaɓi. Ainihin mazaunin ƙwayar hanji ne. Daga can take gangarowa dubura ta ƙetara zuwa gaban mace, ta yi wata da watanni, wani lokaci ta ɓace, ta sake dawowa. Ba ciwon sanyi ba ce, ba a lissafa ta cikin cututtukan da ake ɗauka wajen saduwa, ba kuma alamar ƙazanta ba ce. Gara a faɗi wannan tun da wuri, domin a wajenmu duk takardar asibitin da ta ce an ga wani abu a gaban mace tana iya tayar da husuma tsakanin mata da miji, ko tsakanin kishiyoyi.

Uwa ba ta cika shan wahalarta ba, jariri ne abin ji. Da zarar faya ta fashe, shingen da ya raba ɗan da ke ciki da waje ya kau. Ƙwayar kan hau sama ta shiga ruwan da yake kwance a ciki, ko kuma ya kwaso ta a fata da baki da hanci yayin fitowa. Kusan rabin jariran da uwayensu ke ɗauke da ita da ita suke fitowa, amma mafi yawansu babu abin da ke samun su. Ɗaya ko biyu cikin ɗari ne take shigar wa huhu ko jini. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta taƙaita lissafin kamar haka: macen da ke ɗauke da GBS, idan ba a ba ta magani lokacin naƙuda ba, haɗarin ɗanta ya kamu 1 cikin 200 ne, idan an ba ta, sai ya koma 1 cikin 4,000.

Ciwon iri biyu ne, kuma iyakar da likitoci suka ja tsakaninsu ta faɗa daidai ranar suna. Akwai na farko-farko, wanda ke bayyana daga ranar haihuwa zuwa kwana shida, galibi ma cikin awa 24 na farko. Akwai na baya-baya, daga kwana 7 zuwa kwana 89, wanda ya fi zuwa da sanƙarau. Na farkon ne ke da saurin tsiya. An haifi yaro ya tsala kuka, an yanke cibi, an goge shi, an naɗe shi cikin zane, 'yan barka sun fara shigowa. Bayan 'yan awoyi sai a ji yana wani ɗan nishi duk fitar numfashi, ƙofofin hancinsa na buɗewa, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa. A sa masa nono ya ƙi kamawa. Jikinsa ya yi sanyi ko ya ɗau zafi, ya saki laƙwas. Mai jego ta farko za ta ɗauka barci ne, kaka ta ce ai gajiyar fitowa ce. Kafin gari ya waye ana iya rasa shi.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan suka fitar a Nuwamban 2021 ya ƙiyasta cewa mata masu ciki kusan miliyan 20 ne ke ɗauke da GBS a shekara. Ya danganta ta da mutuwar jarirai kimanin 91,000, da 'ya'yan da ke zuwa ba rai kimanin 46,000, da haihuwar bakwaini fiye da rabin miliyan. Kusan rabin mace-macen a Afirka kudu da Sahara suke.

Likitocin dabbobi ne suka fara sanin wannan ƙwaya, a matsayin mai jawo ciwon hantsa ga shanu. A 1933 Rebecca Lancefield, wata masaniyar ƙwayoyin cuta a Amurka, ta rarraba dangin Streptococcus rukuni-rukuni da haruffa, wannan ta faɗa rukunin B. Sai a shekarun 1970 ta zama babbar mai kwantar da jarirai a asibitocin Amurka, kuma a lokacin har kusan rabin waɗanda ta kama mutuwa suke yi. Dabarar farko da ta zo wa kowa ita ce a ba mai ciki ƙwayoyin magani ta sha tun kafin haihuwa. Ba ta yi aiki ba. Maganin kan rage ta a gaba na ɗan lokaci, amma tushenta na hanji yana nan, kafin ranar haihuwa ta sake dawowa. Abin da ya yi aiki shi ne wanda wasu likitoci biyu, Boyer da Gotoff, suka nuna a Shikago a 1986: a sa wa uwa ampisilin, wani magani dangin penisilin, ta jijiya a lokacin naƙuda kanta. Maganin na ratsa mabiyiya ya isa jinin ɗan da ruwan da yake ciki, daidai sa'ar da ƙwayar ke neman shiga.

Daga nan tambayar ta sauya. An san maganin, an san lokacinsa, saura a san wa za a ba. Ba zai yiwu a ɗaura wa kowace mai naƙuda penisilin ba. To ko dai a duba alamun haɗari, ko kuma a gwada kowa. Alamun haɗarin su ne naƙuda kafin sati 37, fashewar faya ta kai awa 18 ba a haihu ba, zafin jiki ya kai digiri 38, ganin GBS a fitsari a wannan cikin, ko kuma mace ta taɓa haifar ɗan da ciwon ya kama. A 1996 CDC ta ce asibiti ya zaɓi duk hanyar da ya ga dama cikin biyun. Da aka waiwayi sakamako, sai aka ga gwada kowa ya fi bin alamu kare jarirai da fiye da kashi 50 cikin ɗari, saboda yara da yawa da ke kamuwa uwayensu ba su nuna alamar komai ba. Shi ya sa a 2002 aka ce a gwada kowace mai ciki. Daga yara kimanin 1.8 cikin kowace haihuwa 1,000 a farkon shekarun 1990, adadin ciwon farko-farko ya sauko zuwa 0.23 a 2015. Ba ƙaramar nasara ba ce.

Amma a bakin mutane "gwaji" kalma ɗaya ce, a aikace kuwa matakai ne a jere, kuma duk wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi, takarda za ta fito da "babu" alhali akwai.

Mataki na farko lokaci ne. Tunda ƙwayar tana zuwa tana tafiya, sakamakon gwaji ba ya wuce sati biyar yana da amfani. Wadda aka gwada a wata shida, an yi ba a yi ba. Shekaru da dama ƙa'idar Amurka sati 35 zuwa 37 ce. A 2019 ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar, ACOG, ta matsar da ita zuwa daga sati 36 cif zuwa ƙarshen sati na 37, don sati biyar ɗin su kai har ga wadda cikinta ya zarce zuwa sati 41.

Na biyu wurin ɗauka ne, kuma a nan ne mu muke yawan yin tuntuɓe. Ana goga tsinken auduga a bakin farji ta ƙasa-ƙasa, sannan a shigar da shi cikin dubura ya wuce ƙofar. Ba a buƙatar ƙarfen da ake buɗe gaba da shi, ba a kuma son samfurin bakin mahaifa. Haɗawa da dubura na ƙara yawan waɗanda ake kamawa sosai, tunda can ce matattarar. Mata da yawa za su ji nauyin wannan, kuma da gaskiyarsu. Sauƙin abin shi ne an gwada an gani cewa idan aka yi wa mace bayani, ta shiga bayi ta ɗauka da hannunta, sakamakon bai bambanta da na ma'aikaciya ba. Abin da kawai ake buƙata shi ne nas ɗin da za ta ce, "Hajiya, ga shi, gaba za ki fara sannan baya, kada ki juya tsarin," maimakon ta miƙa mata roba ta kau da kai.

Gwajin da aka saba rubuta wa mata a asibitoci da ɗakunan gwajinmu shi ne HVS, wanda ake ɗauko samfuri daga can cikin farji idan mace ta yi ƙorafin ƙaiƙayi ko fitar ruwa. Wannan ba gwajin GBS ba ne. An ɗauka daga inda bai kamata ba, an bar dubura, sannan a lab, wato ɗakin gwaji, ana shafa shi kai-tsaye a farantin da ake tsirar da ƙwayoyin cuta a kai. Idan GBS ta fito a HVS, to tana nan, a rubuta a katin awo. Amma idan ba ta fito ba, ba a tabbatar da komai ba. Macen da ke riƙe da takardar HVS mai cewa ba a ga komai ba, tana ganin ta tsira, ba ta da wata shaida a hannunta.

Na uku hanya ce. Ana tsoma tsinken cikin kwalbar da ke da abin riƙe shi da rai, irin su Amies ko Stuart, a kai lab. Ƙwayar kan jure 'yan kwanaki, amma yawanta na raguwa bayan kwana ɗaya, kuma zafi na gaggauta mutuwarta, shi ya sa ake so a sa a firji idan za a jima. Duk wanda ya san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maraɗi ya san abin da samfurin da ya wuni a aljihun ɗan acaɓa zai zama.

Na huɗu shi ne zuciyar aikin. Tsinken da ya shiga dubura yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyin hanji, su E. coli da danginta. Idan aka shafa shi kai-tsaye a faranti, su za su mamaye fili su binne GBS ɗin. Don haka ake fara jefa shi cikin wani romo na musamman, irin wanda ake kira Lim, wanda aka zuba wa magunguna biyu, kolistin da nalidiksik asid. Magungunan na danne 'yan hanjin, GBS kuwa ba ruwanta da su. Aikin romon tamkar noman farko ne a gonar gero: a kashe ciyawa don shuka ta samu sararin miƙewa. Ana barinsa awa 18 zuwa 24 cikin na'urar ɗumama a digiri 35 zuwa 37. Ƙa'idar CDC ta 2010 ta faɗa ƙarara cewa idan aka tsallake romon, ana iya rasa har rabin matan da ke ɗauke da ƙwayar. Kwalba guda ce, ba ta da wata tsadar a-zo-a-gani, amma ita ce bambancin gwajin gaske da na jeka-na-yi-ka.

Washegari ake ɗebo ɗigon romon a shafa a farantin da aka haɗa da jinin tunkiya, a sake mayarwa na'ura. GBS kan fito ɗigo-ɗigo masu launin toka-toka, kowanne da siririn zobe a gefensa inda ta narkar da jinin. Zoben siriri ne ƙwarai, sai an ɗaga farantin saitin haske. Akwai wani farantin da aka ƙirƙiro a birnin Giranada na Sifaniya, wanda a kansa GBS ke fitowa da launin ruwan lemo jajir, ko ɗan koyo zai gane ta. Illarsa ita ce akwai 'yan tsirarun nau'o'in da ba sa narkar da jini, ba sa kuma yin launin, sai su wuce ba a gan su ba. Don tabbatarwa akwai tsohon gwajin CAMP, wanda wasu masana uku, Christie da Atkins da Munch-Petersen, suka bayyana a Ostireliya a 1944. Ana ja layin wata bakteriya mai suna Staphylococcus aureus a tsakiyar faranti, a ja layin ƙwayar da ake zargi ya tunkaro shi ba tare da sun haɗu ba. Idan GBS ce, da safe za a tarar jinin da ke tsakaninsu ya narke da siffar kan kibiya. Manyan ɗakunan gwaji yanzu na da na'urorin da ke gane ta cikin mintuna, amma kan kibiyar nan har gobe yana aiki.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Ɗakunan gwaji da yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba sa samun jinin tunkiya, sai su haɗa faranti da jinin mutum wanda ya tsufa a ma'ajiyar jini. Jinin mutum na iya ɗauke da ragowar magani ko garkuwar da ke hana ƙwaya tsiro, kuma zoben nan da kan kibiyar ba sa fita da kyau a kansa. Abin mamaki ne a ce a ƙasar da tumaki ke kwana a ƙofar gida, jinin tunkiya ne ya gagari lab. Sai kuma wuta: na'urar ɗumamar da ta mutu da tsakar dare saboda janareto ya ƙare mai ta riga ta ɓata aikin kwana biyu.

Saura abu guda da ya rataya a wuyan mai rubuta takardar gwaji. Maganin farko penisilin ne ta jijiya, yunit miliyan 5, sannan miliyan 2.5 zuwa 3 duk bayan awa huɗu har a haihu, ko ampisilin giram 2 sannan giram 1. Har yanzu GBS na jin penisilin, alhamdu lillahi. Amma idan jikin mace ba ya karɓarsa, dole a rubuta a takardar, don lab ya gwada ko kilindamaisin zai ci ta. A Amurka fiye da kashi 40 cikin ɗari na samfuran sun daina jin kilindamaisin, wasu ma sai su nuna kamar suna ji, sai an yi wani ƙarin gwaji sannan asirinsu ke tonuwa. Wadda kilindamaisin bai yi mata ba, bankomaisin ake ba ta. Wadda kuwa za a yi wa aiki a ciro ɗan kafin naƙuda ta fara, faya ba ta fashe ba, ba ta buƙatar maganin GBS ko da tana ɗauke da ita.

To ko an bi duk matakan nan yadda ya kamata, gwajin hoton rana ɗaya ne. Ƙididdigar da likitocin Birtaniya ke kafa hujja da ita ta nuna cewa cikin matan da aka samu da ƙwayar a sati 35 zuwa 37, kashi 17 zuwa 25 cikin ɗari ba sa ɗauke da ita ranar haihuwa, sannan kashi 5 zuwa 7 na waɗanda aka ce ba su da ita sun same ta kafin ranar. Kashi 5 zuwa 7 ɗin kamar kaɗan ne, amma da yake waɗanda aka ce ba su da ita su ne mafi rinjaye, kuma su ba a ba su magani, sai lissafi ya juye. Wani binciken Amurka da aka wallafa a 2009 ya gano cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na jariran da suka cika wata tara kuma suka kamu, uwayensu an gwada su an ce babu. Bakwaini, wanda ya fi kowa haɗarin mutuwa, sau da yawa yana zuwa kafin ranar gwajin ta yi. Ciwon bayan suna kuwa, ba gwajin ba, ba ƙarin ruwan ba, babu wanda ya rage shi.

A kan waɗannan dalilai Birtaniya ta tsaya ta ce ba za ta gwada kowa ba. Kwamitin ƙasar mai duba shirye-shiryen tantance cututtuka ya sake ƙin amincewa a 2017. Hujjarsu mai nauyi ce: idan yaro 1 cikin 200 ne zai kamu, to mata 199 an ɗaura musu ruwa ba don komai ba. A Amurka kusan kashi ɗaya cikin uku na masu haihuwa ana ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta lokacin naƙuda. Akwai fargabar abin da hakan ke yi wa ƙwayoyin amfani da ke fara zama a hanjin jariri, da ƙaruwar ƙwayoyin da ba sa jin magani, da 'yan tsirarun matan da penisilin zai iya tayar musu da mummunan alaji. Suna kuma cewa gwaje-gwajen asali da aka gina komai a kansu ƙanana ne. Holan da Niyu Zilan ma alamun haɗari suke bi. Sai dai su ma Turawan Ingila ba su kwana lafiya ba, domin adadin ciwon farko-farko a wajensu ya tashi daga 0.48 cikin 1,000 a 2000 zuwa 0.57 a 2014 da 2015, fiye da ninki biyu na na Amurka. Iyayen da suka rasa 'ya'ya sun yi ta matsa lamba, har aka kafa wani gagarumin gwaji mai suna GBS3 ƙarƙashin Jami'ar Notingham, da nufin haɗa mata kimanin 320,000, don a gwada hanyoyin gaba da gaba. A ganina hujjar Amurka ta fi ƙarfi ga ƙasar da ke da komai a hannu, amma Ingila ba wauta take yi ba.

Akwai hanya ta uku da ke neman raba gardamar: a gwada mace a ɗakin haihuwa, lokacin da take naƙuda, da na'urar PCR mai gano ƙwayar halittar bakteriyar cikin kimanin awa guda. Wannan ya kawar da matsalar sati biyar da ta bakwaini gaba ɗaya. Na'urar GeneXpert da shirin yaƙi da tarin fuka ya baza a asibitocin Nijeriya tana da harsashin gwajin GBS, wato 'yar robar da ake sa samfuri a ciki a zura wa na'urar. Amma harsashin da tsada, na'urar tana ɗakin gwajin tarin fuka ne wanda ake rufewa da la'asar, naƙuda kuwa ba ta san agogo ba. PCR kuma ba ta gaya maka ko kilindamaisin zai yi aiki.

A wajenmu gizo ba a lab yake saƙar ba, a ɗakin haihuwa yake. Gwajin shi kaɗai ba ya warkar da kowa, amfaninsa ɗaya ne tak: ya sa a ɗaura wa mace magani ta jijiya aƙalla awa huɗu kafin ɗa ya faɗo. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kimanin kashi 16. Cikin masu zuwan ma, nawa ne ke isa da sauran awa huɗu? An saba mace ta daure a ɗaki har sai abin ya ci tura, a nemo mota, a iso kai ya riga ya sauko. Ga lissafin sati: mace na ƙirga wata ne, da yawa ba su yi sikanin da wuri ba, to wa zai ce yau sati 36 ne? Ga mai cikin fari da ta yi awo a garin mijinta ta tafi haihuwa gidan iyayenta, sakamakon na can cikin wani kundi. Duk ƙasar da ta kwafo tsarin Amurka ba ta gyara waɗannan ba, kuɗin romo da faranti kawai za ta ƙona. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, cewa ta yi a ba macen da aka san tana ɗauke da GBS magani lokacin naƙuda, ba ta ɗora wa kowace ƙasa gwada kowa ba.

Wasu likitocinmu kan ce ai mu ba mu da GBS, wata bakteriya mai suna Klebsiella ce ke kashe mana jarirai. Suna da abin nunawa: binciken BARNARDS, wanda ya haɗa da asibitoci a Kano da Abuja aka kuma wallafa a 2021, ya samu Klebsiella a sahun gaba, GBS ba ta cikin manya. Ba na musun Klebsiella. Amma a duba waɗanne yara ake ɗibar jininsu. Yaron da GBS ta kama a gida cikin awa goma sha biyu na farko ba ya kaiwa asibiti, ba ya kaiwa suna, ba ya shiga kowace ƙididdiga. Wanda ya kai, sau da yawa an riga an yi masa allura a kemis ko ƙaramin asibiti, GBS kuwa allurar penisilin guda na iya hana ta tsiro a kwalbar gwaji, alhali Klebsiella mai taurin kai tana nan daram. A Soweto ta Afirka ta Kudu, inda kusan kowa a asibiti take haihuwa kuma ake ɗibar jini da wuri, adadin ya haura yara 2 cikin 1,000. Zai yi wuya a ce ƙwayar da ke hanjin mata a ko'ina ta zo iyakarmu ta ja birki.

Abin da ke hannunmu yau bai buƙatar sabuwar na'ura. Duk mai naƙuda kafin sati 37, duk wadda fayarta ta fashe aka kwana aka wuni, duk mai zazzaɓi a kan gwiwa, a ba ta ampisilin ta jijiya, magani ne mai araha da ke kusan kowane asibiti. Idan an ga GBS a fitsarin mai ciki, ko kaɗan ce, lab ya rubuta sunanta ɓaro-ɓaro kada ya ce gurɓata ce, domin alama ce ta cewa ƙwayar ta yi yawa a jiki, a kuma buga shi da jan biro a katin da mace ke riƙe da shi. Wadda ta taɓa rasa jariri cikin kwanakin farko da irin alamun nan ta faɗa wa ma'aikata tun ranar awon farko. Ungozoma kuma ta san cewa fashewar faya ba tare da naƙuda ba dalilin tafiya asibiti ne a ranar, ba a jira gobe. Asibitocin koyarwa da ke son yin gwajin su yi shi da romonsa da duburarsa, ko su bari. An taɓa sa rai cewa goge gaban mace da ruwan kilohekzidin mai kashe ƙwayoyin cuta lokacin naƙuda zai wadatar, da yake ba ya buƙatar lab ko allura. An gwada a kan mata kimanin 8,000 a Soweto, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna bai rage komai ba.

Abin da zai fi dacewa da irin yanayinmu allurar rigakafi ce ga mai ciki, irin yadda ake yi wa mata ta tetanus a wajen awo. Tun 1976 Carol Baker da Dennis Kasper suka nuna cewa jariran da ke kamuwa su ne waɗanda uwayensu ke da ƙarancin garkuwa a jini. Idan aka ɗaga garkuwar uwa, za ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗa ko a ina aka haife shi, a kan gadon asibiti ko a kan tabarma, kuma ana fatan za ta kai shi har bayan suna, ta kuma rage masu mutuwa a ciki. GBS nau'i goma ce, kuma allurar kamfanin Pfizer da aka gwada a kan masu ciki a Afirka ta Kudu, aka wallafa sakamakon a 2023, ta haɗa shida daga ciki, waɗanda su ne ke jawo kusan duk ciwon. Wani kamfanin Denmak, MinervaX, na bin wata hanyar daban. Abin da ya daɗe yana jan ƙafar aikin lissafi ne: da yake yara ƙalilan ne cikin dubu ke kamuwa, sai an yi wa dubun-dubatar masu ciki allura kafin a iya nuna cewa ciwon ya ragu. Shi ya sa masu bincike da hukumomin ba da lasisi ke ƙoƙarin daidaitawa a kan wani mizanin garkuwa a jinin cibiyar jariri, wanda idan allura ta kai shi za a amince da ita, a ci gaba da bin sawun ciwon bayan an fara amfani da ita.